Tsibirin Fajut da tsuntsayensa

Mu mutanen Ƙonni da Malbaza da Ilela mun san tafki da rijiya, amma teku yana nesa da mu. Yau za mu tafi ƙasar Senegal, mu ga wani tsibiri. Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina.

Sunan wannan tsibiri Fajut. Yana kudu da Dakar, tafiyar kilomita 100 da ƴan kai. Wata gadar katako mai tsawon mita 500 ko fiye ita ta haɗa shi da garin Jowal, inda aka haifi Leopol Sedar Sangor a shekarar 1906. Shi ne shugaban Senegal na farko.

Ƙasar Fajut ba rairayi ba ce, ba laka ba ce. Ɓawon katantanwar teku ne. Tun kaka da kakanni mata suke tsintar katantanwa in ruwa ya janye. Sai a ci naman, a zubar da ɓawon wuri ɗaya. Yau da gobe ɓawo ya yi tudu, har aka gina gidaje a kansa. Mota ba ta shiga garin.

Mazaunan tsibirin Sarer ne, masunta da manoma. Gonakinsu suna ƙetaren ruwa. A da, sun kafa rumbunan hatsi a kan turaku cikin ruwa, don kada gobara ko ɓera su taɓa abincinsu. Yawancinsu Kirista ne, akwai kuma Musulmi. Maƙabartarsu ɗaya ce, a gindin kukoki.

Kewaye da tsibirin akwai wasu itatuwa masu tsirowa cikin ruwan gishiri, ana kiran su mangoroba. A cikin saiwoyinsu ƴan kifi da ƙaguwa suke girma. Shi ya sa tsuntsaye suka yi yawa. Zalɓe yana tsaye shiru yana jiran kifi. Kwasakwasa tana kwasar kifi da jakar bakinta. Balbela tana kwana bisa rassa. Wasu tsuntsayen kuwa baƙi ne. Suna gudo sanyin Turai bayan damina, su koma wajen watan Maris. Irinsu suna sauka a tafkin Tabalak, nan jihar Tawa.

Ashe mutum da tsuntsu akushi ɗaya suke ci. In aka sare mangoroba don girki, kifi ya ragu. In kifi ya ragu, tsuntsu ya tashi, masunci ya komo da koma babu kome. Saboda haka a shekarar 2004 gwamnatin Senegal ta sa ruwan Jowal da Fajut cikin wuraren da ake karewa. Mutanen wurin suna dasa sababbin itatuwa.

Yara, mu ma haka ne. In muka sare itatuwan bakin tafki, ko muka kwashe ƙwai daga sheƙa, ina shamuwa za ta sauka baɗi?

Tambayoyi

1. Mene ne tsibiri?
2. Yaya aka yi ƙasar Fajut ta samu?
3. Don me aka kafa rumbuna cikin ruwa?
4. Me zai faru in aka sare mangoroba?

Aiki

Ku tambayi tsofaffin garinku sunayen tsuntsaye biyar na bakin tafki, da lokacin zuwan kowane. Ku rubuta su cikin littafinku.