Gayaunar Yara a Cikin Gida

Manomi, a ƙasar Zakirai gona ta yi kaɗan, amma taku uku a gindin danga sun isa gayaunar yaro ɗan shekara 4 ko 5.

1. Uwa ko kaka ta kafce wurin, ta zuba ruɓaɓɓen takin awaki.
2. Yaro ya jefa wake ko kuɓewa, ƙwaya biyu kowane rami.
3. Ku yi ban ruwa tare, safe da yamma. Ruwan alwala ma ya isa.
4. Ku kewaye da kara saboda kaji da awaki.

Hattara! Kada a ba yaro irin da aka cuɗa da magani. Guba ne.

Ran da kuɓewarsa ta shiga miya, a yaba masa gaban kowa. Ta haka yaro ke shaƙuwa da iyayensa, ya kuma so noma.