Aron injin yanka ya haɗa ta da ƙanwar miji

Wata mai karatu daga Zariya, mai sana'ar manna suna a jikin riguna da kofunan rabon biki, ta rubuto ranta a ɓace. Da kuɗin adashenta ta sayi injin yanka sitika, irin wanda ake haɗawa da kwamfuta ko waya. Ƙanwar mijinta ta are shi za ta yi rubutun saman kek, ya yi mako biyu a can, ya dawo yana yagar leda, ƙananan haruffa suna ɗagowa. Ƙanwar ta ce lafiya lau ta maido shi, maigida kuma ya ce a bar maganar. "Malam, ko haƙuri ba ta ba ni ba," in ji ta, kuma a kan wannan ta yi ta juyawa har ƙarshen wasiƙar. Tana tambaya: ta sa a biya ta kuɗin injin, ko ta kai ƙara wajen surukarta?

Amsa

Ɓacin ran Malama yana kan hanya, domin abin da aka tara da adashe ba abin wasa ba ne. Sai dai ba ta faɗi sunan injin ba, ba ta kuma faɗi ranar da ta canza wuƙarsa ba. Da alama tun da ta saya ba ta taɓa canzawa ba, kuma a nan ita ma da laifinta.

Wuƙar injin nan ɗan tsini ne, kuma abin ƙarewa ne. Kwali mai ƙyalƙyali, wanda da shi ake yawan yin rubutun saman kek, yana cin kaifi fiye da leda nesa ba kusa ba. Shi ya sa waɗanda suka san sana'ar suke ware wuƙar takarda daban, ta leda daban. Mai yiwuwa ƙanwar gaskiyarta ta faɗa: injin lafiyarsa ƙalau, wuƙa ce ta dakushe.

Malama ta cire gidan wuƙar ta kai shi wajen haske. Za ta iya tarar da ɓurɓushin ƙyalƙyali da danƙo sun maƙale a tsinin, sun hana shi juyawa a kwana. Ta goge, in bai gyaru ba ta sa sabuwa mai kusurwa 45, wadda ake yanka leda da takarda da ita. Mai 60 ta abu mai kauri ce.

Sai shimfiɗar danƙon da ake manna leda a kai. In Cricut ne injin, shuɗiya ta takarda marar nauyi ce, koriya ta leda da kwali. In danƙonta ya mutu, leda za ta riƙa zamewa, yanka ya karkace. Ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke sun isa, a bar ta ta bushe da kanta, a mayar mata da murfinta na leda. Mai wannan fili ba ya gajiya da maganar murfin nan, don ƙurar hunturun Zariya ba ta ɗaukar lokaci wajen kashe danƙon shimfiɗar da aka bari a buɗe. Kafin kowane aiki kuma ta gwada ɗan yanka a gefe: leda ta yanke, takardar bayanta ba ta huje ba.

Zancen kai ƙara wajen suruka, wannan fili ba zai tsaya a kansa ba. Abin da Malama za ta iya nema a wajen ƙanwar shi ne kuɗin wuƙa ɗaya. Gaba kuma, duk mai aro ta zo da wuƙarta da shimfiɗarta. In an sa sabuwar wuƙa injin yana ƙugi ko yana kauce layi, Malama ta sake rubutowa, ta faɗi sunansa da irin wutar da aka jona shi a can.