Yadda Ake Kula da Takalmin Fata na Masu Kwaikwayon Tarihi

A duk watan Oktoba ɗaruruwan mutane kan taru a garin Battle da ke kudancin Ingila, su sa sulke, su ɗauki garkuwa, su sake buga yaƙin Hastings na shekarar 1066 a filin da aka gwabza shi. A Amurka ma haka ake yi da yaƙin Gettysburg na 1863. Cikin kayan da waɗannan mutane suke sawa babu mai shan wuya kamar takalmi, domin shi ke kwana cikin raɓa ya wuni cikin taɓo. Da yawansu sun ɗauka mai ne maganin komai, da sun dawo sai su lafta wa fata mai. Gaskiyar magana ita ce, abin da ke kashe irin wannan takalmi shi ne yadda ake busar da shi, kuma wanda ya iya busarwa ya gama da fiye da rabin aikin.

Dalilin yana cikin jimar. Takalmin kasuwa na yau yawanci da sinadarin kurom ake jeme fatarsa, hanyar da ba ta yaɗu ba sai ƙarshen ƙarni na 19, sannan a rufe fuskar da fenti mai hana ruwa shiga. Takalmin kwaikwayo kuwa, in na kirki ne, jimar itace aka yi masa. Turawan da da ɓawon bishiya suke jima, kamar yadda majeman Kano da Sakkwato suke yi da bagaruwa har gobe. Wannan fata tana shan ruwa kamar soso, ta yi laushi, ta miƙe, sannan ta daskare a duk siffar da ta bushe a kai. Ga shi kuma ƙirar ba ta da kauri. Takalman zamanin 'yan Viking da aka tono a unguwar Coppergate ta birnin York tsakanin 1976 da 1981 a baibai aka ɗinka su, aka juye su ɗinkin ya koma ciki, ba dunduniya, ƙasansu falle ɗaya. Kwafinsu ne ake sawa a yau, da duk rauninsu.

Aikin yana farawa tun a filin, kafin a shiga mota. A cire takalmin, a kwance igiyarsa, a kankare taɓon da tsinke ko bayan cokali tun yana ɗanye, musamman a bakin ɗinki inda ƙasa ke maƙalewa tana cin zare. Kada a cusa shi cikin leda a ɗaure. In an isa gida a goge shi da tsumma mai damshi, ciki da waje, domin gishirin gumi ma yana busar da fata. Ruwan sanyi ya wadatar. Omo da sabulun wanki suna kwashe man da ke cikin fatar.

Sai busarwa, inda ake yin ɓarnar. A cusa masa takarda marar rubutu ko busasshiyar ciyawa har ya koma siffar ƙafa, ba tare da an matsa ya buɗe ba. A ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, a kwantar da shi a gefe don ƙasan ma ya sha iska. In takardar ta jiƙe a sauya, sau biyu ko uku a ranar farko. Zai ɗauki kwana biyu, wani lokaci uku. A nan ne haƙuri ke ƙarewa, mutum ya matsar da shi bakin wuta ko kan na'urar ɗumama ɗaki, yana cewa ai sojan da ma haka yake yi. Wataƙila yana yi, amma jiƙaƙƙiyar fatar jimar itace tana ƙanƙancewa ta yi tauri da zafin da bai ma kai na tafasar ruwa ba. Turawan da sun san haka, da gangan suke tsoma fata cikin ruwan zafi in suna son ta zama kamar katako don yin kube ko kayan kare jiki. Fatar da ta dahu haka babu man da zai dawo da ita. Rana mai ƙuna ma kusan wannan ɓarnar take yi.

Idan ya kusa bushewa, yana da ɗan sanyi a hannu amma ba ya jiƙa yatsa, sannan a shafa mai. Haɗin da aka daɗe ana amfani da shi kitse ne da kakin zuma da ɗan mai mai ruwa, a narka su tare a bari su huce. A lakato kamar ƙwayar gyaɗa, a murza a tafin hannu ya narke, a bi takalmin da shi, a fi ba da ƙarfi a bakin ɗinki da wurin da yake lanƙwashewa bayan yatsu. A bar shi ya kwana, da safe a goge abin da fatar ba ta shanye ba. Wani zai ce in mai kaɗan yana korar ruwa, ai mai yawa zai fi. Ba haka ba ne. Fatar da ta ƙoshi da mai tana saki, ta yi yauƙi, ramukan ɗinki su buɗe, ƙura ta manne ta riƙa goge zaren kamar yashi. Takalmi mai falle ɗaya kuma ko tulun mai aka juye masa sai ruwa ya shiga ta ɗinki; masu sa shi safar ulu suke dogara da ita, wadda ke riƙe ɗumi ko ta jiƙe. Man girki kuwa yana iya ɓaci a cikin fatar ya yi wari, folish da feshin zamani kuma suna sa shi ƙyalli irin wanda ke tona asirin mai kwaikwayo tun daga nesa.

Akwai masu cewa a bar takalmi ya tsufa, tsufan ne ke sa ya yi kama da na gaske. Suna da hujja ta fuskar kamanni, amma shaidar da aka tono ta nuna mutanen da masu gyara ne: an sami takalma da yawa masu faci a dunduniya da ƙarƙashin yatsu. Saboda haka bayan kowace fita a duba ƙasan. In ya fara sirancewa a kai wa baduku ya ɗora faci tun rami bai ɓulla ba, zaren da ya tsinke a maye shi da zare mai kaki. Takalmin sojan Amurka na zamanin Gettysburg da ake haɗa ƙasansa da ƙananan turakun katako bushewa mai tsanani ke sa turakun su yi sako-sako. Wanda ke da ƙusoshi, irin na sojan Rum, a goge su tas, domin ƙarfe in ya haɗu da jiƙaƙƙiyar fatar jimar itace yana bar mata baƙin tabo da ba ya fita.

Ajiya tsakanin fita da fita a cikin jakar ƙyalle ake yi, da takarda a ciki, a wuri busasshe nesa da ɓera, wanda ƙanshin kitse ke jawowa. A leƙa shi wata-wata. In funfuna ta fito, a fitar da shi waje a kakkaɓe, a goge da ruwan khal da aka sirka da ruwa rabi da rabi, a busar a inuwa, a jinkirta shafa mai sai an tabbata ba ta dawo ba.