Mace Mai Bi da Akwatin Zaɓe

Wannan takarda domin matan zumunta ce na Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, da duk wadda za a karanta mata ita a ƙauye bayan an tashi sujada. Akwai maganar da ake yawan ji a bakin masu bi in zancen zaɓe ya taso: "Allah ne ke ba da mulki, wanda ya so shi zai hau. To, mene ne nawa na shan rana a layi?" Farkon maganar gaskiya ne, babu mai ja. Ƙarshenta kuwa kasala ce, ko da an faɗe ta da muryar ibada. Ki buɗe Littafi Mai Tsarki ki bi matan da aka yaba wa dogararsu ga Allah ɗaya bayan ɗaya, da wuya ki tarar da wadda ta naɗe hannu ta zauna.

Wata za ta ce ai yanzu ma babu zaɓen. Haka ne, tun 26 ga Yuli 2023 da sojoji suka karɓi mulki aka ajiye akwatuna. Amma an taɓa juyin mulki a 1996, da 1999, da 2010, kowane karo kuma akwatunan sun sake fitowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƴaƴan Zelofehad

A Littafin Ƙidaya sura 27 akwai ƴan mata biyar: Mala, Nowa, Hogla, Milka da Tirza. Mahaifinsu Zelofehad ya rasu a jeji bai bar ɗa namiji ba, ga shi kuma ana shirin raba ƙasa da sunan maza kaɗai. Suka tashi suka tsaya a ƙofar alfarwar sujada, gaban Musa da Ele'azara firist da shugabannin jama'a, suka nemi a ba su gadon ubansu. Musa ya kai maganar gaban Ubangiji, Ubangiji ya ba su gaskiya, abin ya zama doka a Isra'ila. Ki lura da abu guda: ƙasar da suke neman rabo a cikinta, ba a ma haye Urdun an shige ta ba tukuna. Sun gaskata alkawarin Allah har suka ga ya kamata a rubuta sunansu tun kafin ranar rabo. Da aka shiga ƙasar kuma, a Joshuwa sura 17, suka sake komawa gaban shugabanni suka tuna masu, gama sun san manya suna da mantuwa.

Matan ƙasar nan sun taɓa yin irin wannan tsayuwa. Ran 13 ga Mayu 1991, da aka kafa kwamitin shirya babban taron ƙasa da mace ɗaya tak a cikinsa, mata suka fito a Yamai suka yi tattaki har aka ƙara masu kujeru. Shi ya sa ranar ta zama ranar matan Nijar. A shekarar 2000 aka yi dokar da ta ware wa mata aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, a 2019 aka kai shi 25. Mace a kan kujerar iko ma ba baƙon abu ba ne a nan. Fadar Gobir a Tibiri tana da Inna, ta Maraɗi tana da Iya, tun kafin Nasara ya zo.

Aikin farko ke nan: takarda. Mata da yawa ba su da takardar haihuwa, balle katin ɗan ƙasa, sai ranar rajista ta zo a shiga kai da kawowa. Shugabar zumunta ta tambayi matanta tun yanzu, wadda ba ta da ita a raka ta ofishin magajin gari. Duk yarinyar da ta cika shekara 18 a sa ta cikin lissafi.

Alfarma dabam, haƙƙi dabam

Nan ne ya kamata mu ɗan daɗe, don nan ne ƙafa ke zamewa. Kowa ya san yadda lokacin yaƙin neman zaɓe yake. Motoci su shigo unguwa da makaɗa, a tara mata a ƙofar gidan wata uwar ƙungiya, a raba atamfa mai hoton ɗan takara, da sabulu, da sukari, wani lokaci jika ɗaya ko biyu a dunƙule. Wasu ma har su ce sai an rantse, ko su karɓe katin su ce za su adana maki.

A Littafin Sarakuna na Biyu sura 4 akwai wata mata a garin Shunem da ta lura annabi Elisha yana yawan wucewa. Ta shawarci mijinta suka gina masa ɗan ɗaki a bisa soro, suka sa gado da tebur da kujera da fitila. Elisha ya so ya sāka mata, ya sa baransa Gehazi ya tambaye ta ko tana son a yi mata magana wurin sarki ko wurin shugaban mayaƙa. Ki duba fa, hanya ce aka buɗe mata har fada, irin wadda mutane ke kwana a ƙofar ɗan majalisa suna nema. Ta amsa da cewa zamanta cikin mutanenta ya ishe ta. Ba ta so alherin da ta yi don Allah ya koma ciniki.

Amma kada a ɗauka matar nan ba ta san hanyar fada ba. A sura 8, yunwa ta kore ta da iyalinta zuwa ƙasar Filistiyawa har shekara bakwai. Da ta dawo ta tarar gidanta da gonarta sun fita hannunta, sai ta tafi da kanta gaban sarki ta kai kuka. Sarki ya sa a mayar mata da kome, har da amfanin gonar na shekarun da ba ta nan. Wadda ta ƙi alfarma ita ce ta tsaya tsayin daka a kan haƙƙinta, kuma da bakin da ba a saya ba ta yi maganar. Wadda ta karɓi turmin atamfa ta yi rantsuwa, da wane ido za ta dubi magajin gari bayan shekara biyu ta ce famfon unguwa ya lalace, ko ɗakin haihuwa babu magani? Zai ce a ransa ya riga ya biya.

Na san abin da za a ce: matar Shunem mai arziki ce, ƙin karɓa bai yi mata wuya ba. Gaskiya ne. Wanda ya ga yunwar 2005 a jihar nan, yadda iyaye mata suka yi layi da ƴaƴa a cibiyoyin tamowa, ba zai yi gaggawar zagin matar da ta miƙa hannu ga tiyar hatsi ba. Ni dai ba zan zage ta ba. Sai dai in tuna mata da gwauruwar Zarefat, wadda abin da ya rage mata ɗan gari ne a tukunya da ɗan mai a kwalba, tana tsintar itace don ta yi abincin ƙarshe da ɗanta. A wannan hali ta dogara ga maganar Allah ta bakin Iliya, garin da man kuwa ba su ƙare ba har aka yi ruwa. Talauci bai hana bangaskiya ba. Wadda ta fi ƙarfin zuciya ta ce na gode, ku riƙe abinku. Wadda ba ta kai nan ba, to aƙalla kada ta rantse, kada kuma katinta ya kwana a hannun wani. Bayan labulen ɗakin zaɓe babu mai raba sabulu, babu miji, babu fasto. Nauyin ciyar da irin waɗannan mata kuma yana kan asusun zumunta, don kada yunwa ta kai su kasuwar ƴan siyasa.

Masu riƙe alƙalami

Cikinmu akwai malaman makaranta da ma'aikatan lafiya, a cikin gari da Danja kusa da Jiratawa, inda mishan ta SIM ta kafa asibitin kuturta. Irinsu ne hukumar zaɓe ta CENI ta saba ɗauka su zauna a teburin runfar zaɓe. Su tuna da Shifra da Fuwa, ungozomomin Ibraniyawa a Masar. Fir'auna da kansa ya ba su umarni su kashe jarirai maza na Ibraniyawa, suka ji tsoron Allah suka ƙi. Abin da za a nema daga gare ki bai kai kisa ba: a ƙara sifiri a takardar sakamako, ko ki kau da kai a dangwala wa wanda bai zo ba. Ki ƙidaya a gaban wakilan jam'iyyu, ki sa hannu a kan abin da idonki ya gani.

A kula kuma da masu cewa an nuna masu a mafarki wanda zai ci. Annabiya Hulda, da sarki Yosiya ya aiko mata da manyan fadawansa, labari mai ɗaci ta ba su, ba abin da kunnen fada ke so ba. Annabcin da kullum yake faɗawa gefen mai kuɗi, a bincike shi. Uwar ƴaƴan Zabadi ma ta roƙa wa ƴaƴanta kujerun dama da hagu, Yesu bai ba ta ba. Addu'ar "Allah ka ba namu" tsohuwa ce.

Tsoro

Mu kaɗan ne. A ƙidayar 2012 Kirista ba su kai ɗaya cikin ɗari na ƴan ƙasa ba, ko da yake bishara ta zauna a Tibiri tun kafin 1930. Kuma mun ga wuta: a Maraɗi cikin Nuwamba 2000, a Damagaram da Yamai cikin Janairu 2015, sannan majami'ar unguwar Zariya a nan Maraɗi cikin Yuni 2019. Don haka in siyasa ta yi zafi, wasu kan ce gara mu ɓoye kanmu. Esta ma ta fara da jin tsoro, ta aika wa Mordekai cewa shiga wurin sarki ba da kira ba hukuncinsa kisa ne. Daga baya ta sa aka yi azumin kwana uku, ta yi shiri, ta shiga. Azumin da shigar muke ɗauka daga labarinta. Kada wata ta karanta shi ta mai da maƙwabcinta Haman. Yawancinmu muna da kawu ko gwaggo ko ɗan ɗaki ɗaya Musulmi, rijiya ɗaya muke ɗiba, tsadar gero ɗaya ke cinmu. Ɗan takarar da za ki zaɓa ma kusan kullum Musulmi ne, don haka abin dubawa shi ne riƙon amanarsa, da ko zai kare mai rauni ko wane ne shi. Kundin tsarin mulkin 2010, wanda sojoji suka dakatar a 2023, ya hana kafa jam'iyya a kan addini ko ƙabila ko yanki, kuma mu ne muka fi kowa cin moriyar wannan hani.

Daren da ake jiran sakamako ya fi ranar zaɓen haɗari. Bayan zagaye na biyu na 21 ga Fabrairu 2021 tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane an yi tarzoma a Yamai, aka ƙona gidaje, aka rasa rayuka, aka katse intanet kwana da kwanaki. A irin wannan dare aikin Abigel ake bukata. Mijinta Nabal ya zagi Dawuda, Dawuda ya ɗauro takobi da mutum wajen 400. Bara ɗaya ya sanar da ita, ba ta tsaya kuka ba, ta ɗora gurasa 200 da sauran guzuri a kan jakuna ta tare shi a hanya, ta yi masa magana har ya huce, shi da kansa ya gode mata da ta hana shi zubar da jini. Masu ɗaukar dutse da taya a daren sakamako ƴaƴan wasu mata ne, daga wani gida suka fito. Ki san inda ɗanki yake kafin magariba. Saƙon muryar da aka turo a WhatsApp cewa an sace ƙuri'u ko an kai hari wuri kaza, kada ki tura shi gaba sai kin tabbatar. In kuwa da gaske an yi maguɗi, wakilan jam'iyya suna da takardun sakamakon kowace runfa a hannunsu, kuma akwai kotun da doka ta ba ikon sauraron ƙarar zaɓe. Can za a kai su.