Tsohon Bokiti a Noman Naman Kaza: A Binciki Tarihinsa Kafin a Wanke Shi

Noman naman kaza na cikin 'yan sana'o'in da ba sa neman gona ko jari mai nauyi. Ɗaki mai inuwa, karan shinkafa ko garin katako, iri mai kyau da mazubi, shi ke nan an kama hanya. A wajen mazubi ne sabon shiga ya fi neman rangwame: bokitin lita 20 da wani ya gama da shi, jarkar da aka yanke wa kai, shuɗin duro, kwalaben mayonis. Wannan ba laifi ba ne, domin bokiti ɗaya yana iya yin shekaru ana juya shi, alhali leda sau ɗaya ake noma a cikinta a yar. Sai dai tambayar da aka fi yi mana, mu da ke wannan aiki, ita ce, "Da me zan wanke shi?" Akwai tambayar da ta riga wannan, ita ce, "Me aka taɓa zubawa a cikinsa?" Wanki yana maganin abu mai rai, kamar fumfuna da ƙwayoyin cuta, amma gubar da ta riga ta shige jikin roba ba ta jin omo, ba ta jin bilic.

Dalili kuwa yana cikin halin roba da halin naman kaza. Roba tana shan abubuwa masu maiƙo, irin su maganin feshi, fiya-fiya, baƙin mai da fetur, sannan ta riƙa sakinsu a hankali idan ta samu zafi da laima. Shi ya sa ƙa'idojin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar a 2008 suka ce a ɗauraye mazubin maganin ƙwari sau uku, a huda shi, kada ya ƙara ganin abinci ko ruwan sha. Shi kuma naman kaza, farin zarensa yana mamaye abin da aka shuka shi a kai, ya narkar da shi, ya tsotse, kuma an san shi da tara ƙarafa masu guba kamar dalma da zaiba da kadmiyom. Tun hatsarin tashar nukiliya ta Canobil a 1986 har yau ana samun burbushin sinadarin nukiliya a wasu nau'o'in naman kazan daji a kudancin Jamus. Mutanen Arewa kuwa ba sai an ba su labarin dalma ba, bayan ɗaruruwan yaran da ta kashe a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, girki kuma ba ya kashe ta.

Saboda haka aikin farko tantancewa ne. Mazubin da ya fito daga harkar abinci ya shiga: bokitin bota na gidan burodi, na kastad, jarkar man girki, kwalbar mayonis marar tsaga. Wanda ya taɓa ɗaukar maganin feshi, baƙin mai, ruwan batir, fentin mai ko kayan asibiti, da wanda ɗan gwangwan ba zai iya faɗin asalinsa ba, a bar shi ko kyauta ne. Sannan a kifa mazubin a duba lambar da ke cikin 'yar alama mai kusurwa uku. Lamba 5 ita ce ke jure zafin digiri 121 na tukunyar matsin tururi, wadda ake dafa hatsin iri a ciki. Lamba 2 tana ɗaukar ruwan zafi, amma ba ta jure wannan tukunya. Lamba 1, irin ta gorar ruwa, tana lanƙwashewa tun wajen digiri 70. Lamba 3 da 6 gara a ƙyale su. Wurin da aka fi sakaci shi ne duron ƙarfe da ake ɗorawa a wuta don jiƙa kara cikin ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 80 na awa ɗaya ko biyu. Idan tsohon duron mai ne ko na sinadari, to karan gaba ɗaya ya sha romon abin da ya rage a ciki, tun kafin ya isa bokiti mai tsabta.

Wani zai ce, ai gidaje da yawa da bokitin fenti suke ɗiban ruwa shekara da shekaru, ba wanda ya faɗi. Gaskiya ne fentin ruwa bai kai fentin mai haɗari ba. Amma ana sa masa sinadaran hana fumfuna, naman kaza kuwa dangin fumfuna ne, don haka ragowar fentin na iya daƙile shi. Ban da haka, ruwan da ya yi awa biyu a bokiti daban yake da jiƙaƙƙen kara da zai yi mako shida ko fiye yana ɗumi a manne da roba. Irin wannan guba kuma taruwa take yi a jiki a hankali, ba lallai ta kayar da mutum nan take ba. Wani zai ce a shimfiɗa leda a ciki. Leda tana sauƙaƙa wanki, amma dole a huda ta daidai ramukan bokitin, inda naman kazan zai ɓullo yana gogar robar. Akwai kuma masu cewa naman kaza yana narkar da guba. Haka ne, an gwada nau'in naman kaza da ake kira kawa wajen tsabtace ƙasar da ɗanyen mai ya ɓata, amma dalma da zaiba ba sa narkewa, taruwa suke yi, kuma naman kazan da aka yi wannan aiki da shi ba na miya ba ne. Maganar tsada ita ce ta fi ƙarfi, amma tazarar kuɗi tsakanin tsohon bokitin bota da bokitin da ba a san asalinsa ba ba ta taka kara ta karya ba. Araha ba ta ado.

Idan mazubi ya tsallake tantancewa, sai a zo ga wanki, shi ma yana da tsari. A huda ramukan tukuna, a goge bakinsu su yi santsi. A wanke da omo da ruwan ɗumi da soso mai laushi, ban da soson ƙarfe, domin kowace ƙarzuwa maɓoyar ƙwayar cuta ce. Wannan mataki ba a tsallake shi, saboda maiƙo da datti suna cinye ƙarfin bilic. Bayan ɗauraya, a haɗa mudu ɗaya na bilic irin su Hypo ko Jik da mudu tara na ruwan sanyi, a tsoma bokitin da murfinsa su yi aƙalla minti goma. A haɗa sabo kullum, domin haɗin da ya kwana ya rage ƙarfi. Kada a gauraya bilic da ruwan wanke banɗaki mai asid, yana fitar da iska mai ƙona huhu. A sa safar hannu, a yi aikin inda iska ke kaɗawa. Daga nan a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a kifa a kan tebur ya bushe, ba a ƙasa ba. Kwalaben iri kuwa bilic bai wadatar ba, sai tukunyar matsin tururi, kuma murfin da ya yi tsatsa a sauya shi.

Wannan tsari ana maimaita shi bayan kowane girbi, musamman idan koriyar fumfuna ta bayyana. Ita ce ta jawo asara mai yawa a gonakin naman kaza na Ailan a shekarun 1980 da na Fensilbaniya ta Amurka a shekarun 1990, inda ake da kayan aiki na zamani, balle ɗakin da iska ke shigo da ƙura. Bokitin da ya kamu a rufe shi kafin a ɗaga, a fita da shi, a binne abin da ke ciki nesa da ɗakin noma, a wanke shi a waje. Wanda ya tsufa, ya yi tsagu, ko wari ya ƙi barinsa, a mayar da shi na shara.

Hanya mafi sauƙi ga mai noma ita ce ya ƙulla ciniki kai tsaye da gidan burodi ko gidan abinci, ya karɓi bokitin da tambarinsa a jiki, ya rubuta asalinsa da ranar wanki a gefe. Mai sayen naman kaza ba shi da hanyar sanin a cikin me aka noma shi. Manomi ne kaɗai ya sani, don haka amanar tana wuyansa.