Zuwa ga Samari da 'Yan Matan Zinyau: A Gama Wasa Kafin a Karɓi Kuɗin Mutane



 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata 'yar magana ce da ta shiga tsakanina da ɗaya daga cikinku, ɗan ƙanwata, lokacin da na zo gida hutun ƙaramar Sallah.

Ya same ni a zaure bayan la'asar, waya a hannun dama, kwalin taliya a hammata. Ya warware kwalin a kan tabarma. Ya zana masa gidaje da biro, ga murafen lemo kala biyu, ga 'yan katuna da ya yanka daga bangon littafin makaranta. Wai wasa ya ƙirƙira. Sannan ya miƙo mini wayar, ya ce, "Kawu, dubi yadda Turawa ke tara miliyoyin daloli a kan irin wannan tun kafin a buga shi. So nake ka nuna mini yadda zan buɗe nawa." Na ce masa, "Mutum nawa suka taɓa yin wasan nan?" Ya ce shi da abokinsa. Na ce, "Sau nawa?" Ya sosa ƙeya, ya ce sau biyu.

Ban yi masa dariya ba, don abin da ya gani a waya ba ƙarya ba ne. Akwai shafin intanet mai suna Kickstarter da aka buɗe a Amurka a 2009. Mai sabon abu yakan nuna shi a can, ya faɗi kuɗin da yake bukata da ranar rufewa, masu so su biya tun abin bai fito ba. A 2015 wani wasan kati mai suna Exploding Kittens ya nemi dala 10,000, ya tashi da kusan dala miliyan 8.8 daga hannun mutum sama da 219,000. A 2020 wani da ake kira Frosthaven ya tara kusan dala miliyan 13. Turawa kan ce musu wasannin kan tebur. Mu da tabarma ce teburinmu, sai mu ce dangin dara da lido.

Abin da wayar ba ta nuna masa ba shi ne tafiyar da ta kai su nan. Mai zanen wancan wasan katin, Matthew Inman, ya yi shekara da shekaru yana zanen barkwanci a intanet, yana da masu bibiyarsa jingim tun kafin a yi maganar kati. Isaac Childres mai Frosthaven kuwa sai da ya fitar da Gloomhaven, wanda a karon farko a 2015 bai kai dala 400,000 ba, ya kai wa kowa kayansa, mutane suka yi wasan suka yaba, sannan suka dawo masa da aljihu a buɗe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ko da a ce wasan ɗan nawa ya nuna, Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da Kickstarter ke yarda mutum ya buɗe neman kuɗi daga cikinsu, sai dai ya raɓu da wani a waje.

To, ta ina masu wannan sana'a ke farawa? Daga inda ɗan ƙanwata ya fara, kwali da almakashi. Klaus Teuber, Bajamushen da ya ƙirƙiri wasan Catan a 1995, haƙoran roba yake haɗawa. Da dare yakan shige ɗakin ƙasa na gidansa ya yi ta yanke-yanke, matarsa da 'ya'yansa ne masu gwada masa. Sai da Catan ya karɓu da wasu 'yan shekaru sannan ya ajiye aikin haƙori. A nan gida kuma akwai Kenechukwu Ogbuagu, wanda ya fara zana wasa yana ɗalibin Jami'ar Kalaba, lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2013, wanda aka shiga a watan Yuli ba a fita ba sai Disamba. Zaman da ya ishi wasu, shi ya mayar da shi jari. Ya kafa kamfanin NIBCARD a Abuja, yana buga wasanninsa da na wasu a cikin ƙasar nan, ya fara taron masu wasannin Afirka a 2016, kuma a 2021 kamfanin ya ci lambar Diana Jones, wadda ake ji da ita a wannan fage a duniya. Daga Kalaba zuwa waccan lamba shekara takwas ce.

Amma kafin ku kai Jamus ko Abuja, ku je gindin bishiyar da dattawa ke yin dara, ku tsuguna ku kalla da idon mai koyon sana'a. Ku dubi yadda ake share ƙasa da tafin hannu, a dangwala ramuka talatin da yatsa, shida-shida layi biyar. Wannan ya ɗebi tsakuwa goma sha biyu, wancan ya kakkarya kara goma sha biyu. A jera ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka haɗa uku tun a wajen jerawa ba. In an gama sai a fara turawa, gida ɗaya tak, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗa guda na abokin karawarsa. Dokar ke nan kusan gaba ɗaya, ba ta kai tsawon addu'ar shiga kasuwa ba. Duk da haka za ku ga tsoho ya riƙe tsakuwa a sama, hannu ya tsaya cak, goro ya tsaya a kumatu, 'yan kallo sun zagaye suna ta gyaran murya don an hana su magana. Wani can baya ya kasa daurewa ya ce, "Kai, ya mutu!" a yi masa caa. Wasan da ba shi da maɗaba'a, ba shi da jari, ba a san ma wanda ya ƙago shi ba, ya riƙe mutane tun kakannin kakanni. Duk wanda zai ƙirƙiri wasa a ƙasar Rano, da wannan zai yi gogayya. In dokokinka ba za su bayyanu ba kafin mai shayi ya gama haɗa maka kofi ɗaya, koma ka rage.

Gwaji shi ne sana'ar. Kada ka ƙawata kwalin farko, don in ka kashe masa kuɗi za ka ji ciwon yaga shi, kuma sai an yaga. Kai wa waɗanda ba sa jin kunyarka. Mahaifiyarka za ta ce ya yi kyau, abokinka ma haka. Kai shi Rurum, kai shi Saji, ko ka tsallaka Kibiya da Tarai wajen waɗanda ba su san ka ba. Miƙa musu takardar dokoki, ka koma gefe ka kama bakinka. Inda suka yi gardama, rubutunka ne bai fito ba. In wani ya zaro waya ana tsakiyar wasa, a nan wasan ya yi sanyi, rubuta wurin. In kullum wanda ya fara shi ke ci, akwai gyara. Ranar da aka gama wani ya ce, "A sake!" ba tare da ka roƙa ba, ka fara samun abin sayarwa. Ka tanadi littafi guda don wannan kaɗai: rana, su wa suka yi, minti nawa, wa ya ci, me aka canza.

Sai abin da za a gina wasan a kai. Na lura ɗan nawa sarakunan Turai da dodanni ya zana, alhali ko ƙofar gida bai duba ba. Labarin Hausa Bakwai ya ce Kano da Rano su ne sarakunan baba, Katsina da Daura na kasuwa, Gobir na yaƙi. Wannan rabon aiki kaɗai wasa ne a kwance, kowane ɗan wasa da garinsa da abin da ya fi kowa. Ga fataken da ke kora jakuna zuwa Gwanja, su tafi da kanwa da baƙin yadi su dawo da goro. Madugu ya zaɓi hanya, a biya kuɗin fito a bakin kogi, goro kuma ba ya jiran mai nawa, in an yi jinkiri ya lalace. Ko ku ɗauki noman rani da ruwan Tiga ya kawo mana. Kowa ya san abin da ke faruwa in duk manoma suka shuka tumatir lokaci guda: kwando ya faɗi warwas, wanda ya yi albasa ya yi dariya. A ce mutum huɗu kowa ya kife katin abin da zai shuka, a buɗe tare, amfanin da ya fi yawa farashinsa ya karye. Ba manomin da za a yi wa dogon bayani. Wannan ba mai zuwa daga Jamus ya rubuta mana shi.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, don in na tsallake iyayenku ba za su tsallake ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana wasan nardu da shaɗaranji, kuma malamai da yawa suna sanya ƙwayar lido da ake jefawa a layin nardu. Fatawa ta malamai ce, ku ɗauki kwalinku ku kai wa malaminku tun da wuri, kada ku bari sai an buga. Ta fuskar sana'a ma, wasan da ke tafiya da tunani ba da jifa ba ya fi daɗewa a hannun mutane, ga dara nan shaida. Caca kuwa ba ta da ƙofa ko kaɗan. Wasan da aka ɗora wa kuɗi ya tashi daga wasa, haka wanda ya hana mutum tashi in an kira salla.

Yanzu kuɗi. Karo-karo ba baƙonmu ba ne, muna da adashi, muna da gayya, muna da gudummawar biki. Sai dai wannan ya bambanta da su. Wanda ya ba ka kuɗi don ka buga wasa ka ba shi kwafi ɗaya, ciniki kuka yi, ba kyauta ya yi maka ba. Malaman fiƙihu sun san irinsa, shi ne cinikin salam: a biya yanzu, kaya ya zo daga baya, da sharaɗin an siffanta kayan, an san adadi, an yanka lokaci. Tun daga ranar da kuɗin ya shiga hannunka bashi ne a wuyanka. A Amurka wani ya tara sama da dala 122,000 a 2012 da sunan wasa, ya kashe a haya da bukatun kansa, wasa bai fito daga hannunsa ba, har hukumar kare masu saye ta ƙasar ta kai shi ƙara a 2015. Shi waɗanda ya ci wa kuɗi suna nesa. Kai kuwa naka yana kusa da kai a sahun Asuba.

Na taɓa ɗanɗana wannan, shi ya sa nake ja muku kunne. Ina koyarwa na karɓi kuɗin abokan aiki don in buga wani ɗan littafin darasi. Na yi lissafin takarda da bugu, na manta da kuɗin mota zuwa Kano da dawowa har sau huɗu, na manta da waɗanda za su fito a karkace. Kafin in gama tattara kuɗin takarda ta tashi, mai maɗaba'ar ya ce tsohon farashi ya wuce. Ragon da nake kiwo don layya shi ya cike giɓin. Wata uku ina sauya hanya in na hango wanda ya biya.

Don haka ku fara da kaɗan, kwafi talatin ko hamsin. A sa maɗaba'a ta buga guda ɗaya tukuna, ku riƙe shi a hannu, ku san abin da ya ci har da kwali da leda da kuɗin mota, ku ɗora wani abu saboda tashin kaya. Ku ari dokar Kickstarter guda ɗaya mai kyau: in kuɗin bai kai adadin da aka faɗa ba zuwa ranar da aka yanka, ba a taɓa ko sisi, kowa a mayar masa da nasa. Kuɗin ya zauna a hannun wani dattijo ko uwar adashi da kowa ya yarda da ita, da sunaye a rubuce. Ku buɗe zaure a WhatsApp na waɗanda suka biya, in an samu tsaiko su ji daga bakinku kafin su ji a majalisa. Haka marubutanmu na Kano suka taso a shekarun 1980 da 1990, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. Ba su zauna jiran manyan kamfanoni ba, an buga, an kai kasuwa, kuɗin wannan bugu ya ɗauki na gaba.

'Yan mata, da ku nake. Monopoly da duniya ta sani ya samo asali ne daga wasan wata mata, Lizzie Magie, wadda ta yi masa rajista a 1904. A 1935 kamfani ya sayi haƙƙinta a kan dala 500, aka yi shekaru ana jingina wasan ga wani namiji. Ku ƙirƙira, ku rubuta sunanku a jikin kwalin, kuma duk wanda zai yi muku zane ko ya sa kuɗi, a rubuta rabon kowa a gaban shaidu tun ana dariya.

Ɗan ƙanwata ya naɗe kwalinsa ran nan fuska ba walwala, na san ya so in ce masa ga hanyar dala. In Allah ya kai mu babbar Sallah ina nan tafe. Shi da duk mai irin wannan kwali a cikinku, ku same ni a zaure bayan la'asar, ku zo da littafin gwajinku. Wanda na ga an yi wasansa sau talatin, kuma akwai baƙi a cikin waɗanda suka yi, ni zan fara biyan kuɗin kwafi ɗaya.

Ku gaida mutanen gida.

Wassalam,
Kawunku.