Notin kan inji: in inji ya buga, wa zai biya?



'Yan uwa, darasinmu na yau daga gareji ya fito. Kwanakin baya, bayan sallar la'asar, mutum uku suka tare ni a ƙofar masallaci, kowa ransa a ɓace: direba, makanike, da mai sayar da injin Beljiyam. Direban Corolla yake ja ta haya, wadda ya karɓa bashi yana biya wata-wata. Makaniken kuma yayan matarsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ka ga ke nan ba kuɗi kaɗai ke cikin maganar ba, har da aure.

Ga yadda abin ya faru. Injin motar ya gaji, direban ya ci wani bashin ya sayi injin Beljiyam. Mai kaya ya tayar masa da shi a gabansa, ya ba shi kwanakin gwaji, ya ɗiɗɗiga fenti a kan notina, ya ce in aka buɗe babu dawowa. Da aka kai gareji sai makanike ya ce gara a buɗe kan injin, wanda suke kira top silinda, a ga lafiyar ciki a sa sabon gaskit. Direba ya yarda. Aka buɗe, aka rufe, mota ta hau titi. Sati uku bayan nan, a hanyar Kano zuwa Zariya, an ɗan wuce Kwanar Dangora, allurar zafi ta hau ja. Direba ya tsaya ya ɗura fiya wata a lagireto ya ci gaba. Ta sake hawa, ya sake ɗurawa ya ci gaba, don fasinja suna ta mita. Daga ƙarshe mota ta tsaya da kanta. Da aka zaro sandar duba mai, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara.

Direba ya ce: "Allah gafarta Malam, ruɓaɓɓen inji aka sayar mini." Mai kaya ya ce: "Malam, lafiya lau na ba shi, su suka buɗe." Makanike ya ce: "Wallahi Malam, da hannuna na ɗaure notinan nan, na ɗaure su tamau, har bututu na sa."

Na ce su ba ni kwana uku. Ni fiƙihu na karanta a jami'a, ban karanta inji ba, kuma malamanmu sun koyar da mu cewa a sha'anin aibin kaya alƙali ma masana sana'ar yake komawa wa. Sai na nemi wani dattijon makanike da ba shi da dangantaka da kowa a cikinsu, muka tafi garejin tare. Ya kwance notinan ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a kan kwali. Guda goma ne. Biyu daga ciki suka fito da zaren alminiyam mai ƙyalli naɗe a haƙoransu. Ɗaya kuma da ɗan taɓawa ya juya, bai ma kama ba. Ya ɗago ya dube ni ya ce: "Malam, kalmar nan da ya faɗa, tamau, ita ce ta kashe injin."

Na ce: "Baba, yi mini bayani kamar ɗan aji ɗaya." Abin da ya koya mini, da wanda na bincika daga baya, shi ne zan ba ku.

Mu a tunaninmu noti ƙusa ce, gwargwadon matsawa gwargwadon riƙo. Ashe ba haka ba ne. In ana ɗaure noti, ƙarfen jikinsa miƙewa yake yi kaɗan, kamar robar danƙo, duk da ido ba ya gani. Ƙoƙarin da yake yi na komawa tsawonsa shi ne yake danne kan inji a kan bulok, da gaskit a tsakani. A wannan ƴar tsakanin abu uku ne suke maƙwabtaka: wutar da ke tashi a kan fistin, ruwan sanyaya inji, da baƙin mai. Gaskit ne katangar da ke raba su. In noti bai miƙe yadda ya kamata ba, katanga ta yi sako-sako, wuta ta keta. In ya miƙe ya wuce iyaka, ko dai ya saki jiki ya daina riƙo, ko ya karye, ko ya tsinke haƙoran ramin da yake shiga. Injin wannan Corollar, 1ZZ-FE, kansa da bulok ɗinsa duk alminiyam ne, shi kuma alminiyam bai kai ƙarfen noti tauri ba, don haka shi ne yake fara sallamawa.

Shi ya sa masu ƙera mota suka ajiye awo. Ƙarfin murɗa noti da Niyuton-mita ake auna shi, kuma akwai sifana ta musamman, sifanar awo, wadda kake saita mata lamba, in an kai sai ta yi ƙas, ka tsaya. A wannan injin, awon Toyota shi ne a kai kowane noti 49, a hankali, zagaye bayan zagaye, sannan a ƙara wa kowanne digiri 90, wato rubu'in zagaye. Ba kuma daga gefe ake farawa a bi layi ba. Daga tsakiya ake farawa ana tsallakawa ana fita waje, don kan injin ya kwanta daidai kamar yadda ake shimfiɗa tabarma. Kwancewa kuma daga waje ake farowa, kuma sai inji ya huce.

To nawa ne 49 ɗin? Kamar ka rataya kilo 5 ne a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya. Yanzu ɗauki yaron gareji mai kilo 60, ya zura bututu mai mita ɗaya a sifana, ya sakar masa rabin nauyinsa kawai. Ya kusa 300 ke nan, ninki shida na matakin farko. Kuma ba zai taɓa ba notina goma ƙarfi iri ɗaya ba: na farko da kuzari, na takwas ya gaji, na tara an kira shi a waya.

Akwai wani abin da ya ƙara ba ni mamaki. Mafi yawan ƙarfin da hannu ke sawa, kusan kashi 90 cikin 100, a gogayya yake ƙarewa, tsakanin haƙora da kuma ƙarƙashin kan noti. Ɗan ragowar ne yake miƙe notin. Don haka in rami da datti ko tsatsa, hannu zai ji tauri alhali notin bai danne komai ba. In kuma an bar mai ko ruwa ya taru a gindin ramin, notin zai sauka a kansa, har yana iya tsaga bulok. Masu cewa "hannuna ya san awo", hannu tauri yake ji, ba riƙo ba. Shi ya sa ake wanke ramuka, a shafa ɗan mai a haƙoran noti, a auna tsohon noti ko ya riga ya miƙe, a kuma ɗora ma'auni a fuskar kan injin, don karkatar da aka yarda da ita a wannan injin ba ta wuce milimita 0.05 ba. Gashin kanka ma yakan fi haka kauri.

Na tambayi makaniken ko ya yi ɗaya daga cikin waɗannan. Ya sunkuyar da kai ya ce shi haka ogansa ya koya masa, kuma shekara da shekaru yana yi.

To mu dawo fiƙihu.

Mai kaya tukuna, don tasa gajeruwa ce. Wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ya riga ciniki, yana da zaɓin mayarwa. Fentin kan noti ba ya wanke mai kayan da ya san aibi ya ɓoye, haka ma kalmar "yadda ka gani haka ka saya". A mazhabar Malikiyya sai ka ambaci aibin da sunansa, kuma in kayan ya halaka ta dalilin aibin da ka ɓoye, kuɗin mutum gaba ɗaya za ka mayar. Kun san ƙissar tarin abincin da Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya sa hannu a cikinsa ya ji danshi a ƙasa, tana cikin Sahihu Muslim. Amma mai da'awa shi ke kawo hujja. A nan babu wata alamar tsohon aibi, zaren alminiyam ɗin ma sabo ne fil yana ƙyalli. Mai kaya ya rantse bai san wani aibi ba, ya fita.

Sai makanike. Malamai sun raba ɗan ƙwadago gida biyu. Akwai wanda ka ɗauka yana maka aiki kai kaɗai, kamar direban gidanka. Wannan amintacce ne, ba ya biya sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Akwai kuma mai sana'ar da ya buɗe shago don kowa da kowa: tela, marini, maƙeri, makanike. Imam Malik ya tafi a kan cewa irin wannan yana lamunin kayan da aka bar masa, sai in hujja ta tabbata cewa sun lalace ba da hannunsa ba. An ruwaito lamuntar da masu sana'a daga Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda, kuma dalilin shi ne maslahar jama'a: mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu, ba kuma za su iya tsayawa a kan kowane aiki ba. Imam Abu Hanifa ya sassauta a kan abin da ya halaka ba da aikin mai sana'a ba, amma abin da hannunsa ya ɓata, shi ma ya ce ya biya. Mas'alarmu kuwa ɓarnar hannu ce ƙarara, don haka babu wata ƙofar tsira tsakanin mazhabobin biyu.

Makaniken ya ce: "Amma Malam, ai ban yi da gangan ba, alheri na nufa." Na ce masa na yarda, kuma ina fatan Allah ba zai kama shi da zunubin niyya ba. Sai dai dukiyar mutane ana biyanta ko da kuskure aka ɓata ta. Sannan abin da na fi so ɗalibai su riƙe: sakaci a sana'a ba da gumi ake gane shi ba, da ƙa'idar sana'ar ake auna shi. Akwai hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka fitar, mai nuna cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani ba a san shi da ilimin likitanci ba, lamuni yana kansa. Malamai sun faɗaɗa wannan ga sauran sana'o'i. Awon nan a rubuce yake, yau ma a wayar hannu ana samunsa. Wanda ya karɓi aikin kan inji bai san awon ba, bai tambaya ba, ba shi da sifanar ba kuma bai aro ba, ya karɓi abin da bai cika sharaɗinsa ba, ko da ya kwana yana ɗaurewa. "Haka ogana ya koya mini" bayani ne na inda kuskuren ya samo asali, ba uzuri ba ne.

Daga baya ma ta fito cewa notina huɗu na ƙarshe yaronsa ne ya ƙarasa. Wannan bai canja komai ba. A wurin Malikiyya yaron mai sana'a ba ya lamuni ga mai kaya, ogan da ya karɓi aiki shi ake bi. Haka in makanike ya rubuta a bangon gareji cewa ba ruwansa da abin da ya lalace, a mashhurin zance wannan sharaɗin ba ya amfanarsa.

Da direba ya ji haka sai fuskarsa ta washe. Na ce masa kada ya yi saurin murna. Na tambayi dattijon: da ya kashe motar a hawan allura na farko, me za a gyara? Ya ce gaskit, notina, gyaran haƙoran ramuka biyu, wataƙila da ɗan wanke fuskar kan injin. Fistin da ya kama da metal da suka narke kuwa, tafiyar da aka ci gaba da yi ce ta jawo su. To wannan ɓarnar ta biyu hannun direba ce. Allura ta gaya maka sau biyu, ka zaɓi kuɗin fasinja. Ban ga yadda za a ɗora wa surukinka ita ba.

Ni ba alƙali ba ne, sulhu na yi, kuma na gaya musu wanda bai gamsu ba kotu a buɗe take. Dattijon ya ƙiyasta kuɗin gyaran farko, makanike ya ɗauki wannan, ya mayar da ladan aikinsa na baya, zai kuma yi sabon aikin kyauta da aron sifanar awo, dattijon yana tsaye. Ragowar direba ya ɗauka. Mai kaya, Allah Ya saka masa, ya ce zai ba da wani bulok ɗin a farashin da ya saro.

Matar direban, da ta yi kwana tara a gidansu kan wannan rigimar, ta koma ɗakinta ranar Juma'a. Makaniken dai har yanzu in mun haɗu gaisuwarsa gajeruwa ce. Shekaranjiya yaronsa ya same ni bayan sallar isha'i da wata ƴar takarda, wai in taya shi karanta lambobin ɗaurin kwanrod da ya kwafo, don Turancinsa bai yi ƙarfi ba. Na ce masa nawa ma Larabci ya fi ƙarfi, muka tafi wurin dattijon tare.

Wallahu a'alam.